Sabulun da Gwaggo Ta Jefar

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafar nan da ƙarfe ya faɗo wa ta daina kumburi, kana kuma sa takalmin aikin, ba silifa ba. Inna tana nan da gwiwarta yadda ka bar ta. Direban da ke kai muku kayan abinci sansanin aiki ya ce gobe zai tashi, shi ya sa na zauna rubutu. Ka yi haƙuri da hannuna, ka san inda na tsaya a makaranta.

An aiko maka cewa matarka Anti ta sauka lafiya, namiji. Akwai saura. Zan fara daga abin da na gani da idona ranar Talata da safe.

Ina tsakar gida ina shanya. Tun da Anti ta haihu na ɗauke wankin gidan, tunda sana'ata ce, ina gamawa kafin in fita shago. Tagar ɗakinku a buɗe take, ni kuma ina gefen zanin gadon da na shanya. Gwaggo ta ɗora yaron a cinya, ta fere guntun sabulu da wuƙa, siriri, irin wanda tsofaffi ke tura wa jariri in ya ƙi yin kashi. Ta kwance nafkin, ta ɗaga ƙafafunsa, ta kai sabulun. Sai hannunta ya tsaya. Ta juya yaron wajen haske ta duba, ta sa yatsa ta shafa, ta daɗe a haka. Daga nan ta mayar da nafkin ta ɗaure, ta naɗe shi da tawul har wuya, ta wurgo sabulun ta taga. A bakin rariya ya faɗi, dab da ƙafata.

Na ce, "Gwaggo, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Kai da wanki, ina ruwanka da aikin mata?"

Na ci gaba da shanya, amma da ma raina bai kwanta ba. Na yi wa gidajen masu jego wanki ba ɗaya ba, ba biyu ba. Kashin farko na jariri baƙi ne, mai danƙo kamar kwalta, sai ka jiƙa ka cuɗa ka sake jiƙawa. A nafkin ɗin ɗanka ban taɓa ganinsa ba. Fitsari kawai, sai wasu ɗigo-ɗigo kore-kore a cikin fitsarin. 'Yan barka kuwa sai yabo suke, wai yaro mai tsafta kamar ubansa. Inna tana ta yi masa kirari, angona ɗan gayu ba ya ɓata kaya.

Wanshekare cikinsa ya tashi yana ƙyalli, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Ya ƙi nono. Da hantsi ya yi amai kore shar. Na ce a tafi asibiti. Gwaggo ta ce kumburin ciki ne, kowane jariri yana yi, a ba shi ruwan ɗumi. Ban yi musu da ita ba, na fita na tsayar da tasi. Anti ta tashi tana dafa bango, ta karɓi ɗanta daga hannun Gwaggo.

A babban asibiti wata nas mai gilashi ta kwance shi a kan tebur. Ta duba sau ɗaya, ta ɗago ta ce, "Wa ke yi wa yaron nan wanka?"

Yaya, ɗanka ba shi da dubura. Wurin a shafe yake, fata ce sumul, sai ɗan lotsawa kamar an danna da yatsa. Likita ya zana mana a takarda: hanjin ya taho, bai ƙaraso waje ba ya tsaya, sai wata 'yar siririyar hanya da ta haɗe shi da mafitsara. Abin da nake gani a nafkin ke nan. Ya ce akan haifi irinsa, amma ɗaya ne cikin dubbai. Sun sa masa roba a hanci suna zuƙo abin da ya taru. Suka nemi uban yaro, na ce yana wurin aikin da waya ba ta kamawa. Anti ta sa hannu, aka shiga da shi. Sun buɗe masa ƙofa a gefen ciki na hagu, kashi yana fita ta nan cikin wata leda da ake mannawa. Ya farfaɗo, cikin ya saɓe, jiya har ya kama nono.

Abin tausayi, ita Anti tun da ta haihu ba ta taɓa kwance masa nafkin ba ko sau ɗaya. A kan teburin nan ta fara ganin jikin ɗanta.

Takarda ta ƙare. Ka yi masa addu'a.

Ƙaninka,
Auta

*

Auta,

Na amsa sallamarka. Ƙafa da sauƙi. Ka gaida Inna.

Takardarka ta same ni a bakin aiki, na karanta a tsaye, na kasa riƙe ƙarfen walda ranar. Da aka tashi na hau tudun da muke samun waya na kira layin Inna, Gwaggo ce ta ɗauka. Kafin layin ya yanke ta gaya mini ita ba ta ga komai ba, yaron barci ya yi shi ya sa ta fasa sa masa sabulun. Ta ce a zuriyarmu kaf ba a taɓa haifar irin wannan ba, a bincika can gidan su uwar yaron.

Ni ba ma wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Kai da hannunka ka rubuta cewa ba ta taɓa kwance masa nafkin ba. Wace irin uwa ce wannan? Ta haihu ta miƙe ƙafa tana jiran a yi mata? Da ta duba ɗanta ranar farko da ba a kai ga haka ba. Sannan ta ɗauki biro ta sa hannu a farke mini cikin yaro, ba ta jira ta bakina ba. Yanzu ɗana zai tashi yana kashi ta gefen ciki kamar buhun da ɓera ya huda, yara suna toshe hanci in ya wuce.

Ga abin da na yanke. Ranar da aka sallame su ka kai ta gidan iyayenta, ta zauna sai na dawo mu yi magana. Yaron Gwaggo ta riƙe shi, akwai madarar gwangwani. Kada ka tsaya yi mini dogon bayani.

Yayanka

*

Yaya,

Sallama. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Inna lafiya, sai dai ta rage magana kwana biyun nan. Yaron yana asibiti har yanzu, zazzaɓi ya shige shi saboda daɗewar da abin ya yi a cikinsa, amma yana ja da baya.

Ka ce kada in yi dogon bayani. Ka yi haƙuri, zan yi. Ban taɓa ɗaga maka murya ba tun muna yara, ko ranar da ka sayar mini da keke, amma takardar nan taka sai da na ajiye ta na zagaya shago kafin in iya ƙarasa ta.

Layi ɗaya ka tsinta a cikin maganata ka yi bulala da shi. E, na rubuta ba ta taɓa kwance masa nafkin ba. Ka tambayi dalili? Matar nan ta zubar da jini wajen haihuwa, asibitin unguwa kuma suka sallame ta da yamma saboda ana jiran gadon. Ko zama ta yi sai jiri ya kwashe ta. Duk da haka ina ji da kunnena tana cewa, "Gwaggo, miƙo shi in canza masa." Gwaggo ta ce, "Haihuwar fari, me kika sani? Karya shi za ki yi. Ke dai ba shi nono." A naɗe ake kawo mata shi, a naɗe ake ɗauke shi. Wanka, tsarki, shafa mai, duk hannu ɗaya ne ya yi, kuma ba nata ba ne.

Maganar sa hannu kuwa, likita cewa ya yi in aka kai gobe hanjin zai iya fashewa a ciki. Mu jira direba ya kai maka takarda ya dawo? Da gawa za ka ba da izinin binnewa.

Kuma ba haka zai tashi ba, wannan laifina ne da takarda ta ƙare ban faɗa ba. Aikin hawa uku ne. Wannan na ceton rai ne. In ya yi 'yan watanni ya yi ƙwari, za su buɗe masa ƙofa a inda ya kamata ta kasance, su jawo hanjin. In ta warke su rufe ta gefen. Sun ɗauki hoton ƙodarsa da zuciyarsa da ƙashin bayansa, don wai abin yakan zo da 'yan rakiya, sun ce nasa da sauƙi. Likitan bai yi mana alkawarin komai zai zama daidai ba, ya ce za a daɗe ana bibiya. Na tambaye shi a gaban Anti ko gado ne daga wani gida, ko wani abu ta ci. Ya ce ba abin da ta ci ba ne, ba abin da ta yi ba ne, tun cikin yana ƙarami abin ke faruwa, kuma kada a ɗora wa gidan kowa.

Da ka ga matar da kake cewa ta miƙe ƙafa. Abin da ke gefen cikin nan ja ne jawur, a jiƙe, ni ranar farko sai da na fita na sha iska. Ita ta tsaya nas ta koya mata. Akwai ɗan almakashi mai lanƙwasa da take yanka bakin ledar daidai girman wurin. In ya yi faɗi, kashi ya ci fatar yaron ta saɓule. In ya matse, ya yanke shi. Tana wankewa da auduga, ta busar da fifita, ta ɗumama ledar a tafin hannunta don ta kama. Nas mai gilashin nan har tsokanarta take, wai in an sallame ta ta dawo a ba ta farin kaya. Matar gadon kusa, mai 'yar da aka haifa da irin wannan, yanzu Anti take tayarwa in ledar 'yarta ta ɓalle.

Gwaggo sau ɗaya ta zo. Aka buɗe yaron, ta kai gefen mayafi hanci, ta ce a rufe kada mutane su gani. A gida duk wanda ya tambaya sai ta ce shawara ce ta kama shi. Wannan za ka ba wa riƙo? Wadda ba ta iya kallon wurin ba, ita za ta yanka leda?

Ba na cewa Gwaggo muguwa ce. Tsoro ne ya kama ta, da kunyar a ce a gidanmu. Amma kunyar nan ta ci wa ɗanka yini da kwana, kuma ita ta san abin da yatsanta ya shafa.

Saƙonka ban isar wa Anti ba. Ba zan kai ta ko'ina ba. In ka dawo ka mare ni, na yarda.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ruwa ya cinye gadar da mota ke bi, sai makon nan takardarka ta iso, duk ta jiƙe. Ina fata zuwa yanzu an sallame su. Ka shafa mini kan yaron.

Maganar aiki hawa uku ta sanyaya mini rai, na gode. Na kuma janye maganar gado.

Amma ka girma yanzu, har kana ce mini ba za ka yi ba. Auta, ka san abin da kake faɗa? Cewa kake Gwaggo ta ga ɗana yana mutuwa ta rufe. Matar da ta riƙe mu shekarar da Baba ya rasu Inna tana kwance, ta goya ka har bayanta ya yi kanta. Ita ta ce ba ta gani ba, ta rantse mini. Kai kuma daga bayan zanin gado ka hango, ta taga, idonka da kumfar sabulu. Kai kaɗai. Ba zan ƙaryata ƙanwar ubana a kan maganar mutum ɗaya ba. In kuwa ba ta gani ba, to wa ya rage? Uwa ko a kwance take ai tana da ido.

Tunda kai ka ƙi, na sami Babban Gwaggo, wato ɗanta Babba, a waya. Ƙarshen wata zai zo da motarsa ya kwashi kayan uwar yaron. Kada ka tare masa hanya, ɗan'uwanka ne kuma ya girme ka.

Yayanka

*

Yaya,

Sallama. Ina fatan ruwa ya janye. Yaron ya yi kumatu, ya fara bin mutum da ido, in ya ji ƙarar bokitina sai ya juyo. An ba mu ranar aiki na biyu, wata mai zuwa bayan na gobe, kuma likita ya ce wannan karon yana son ganin uban yaro da idonsa.

Takardarka da Babban Gwaggo rana ɗaya suka iso, shi ya riga ta. Na dawo daga shago ɗaukar guga na tarar da motarsa a ƙofar gida, an buɗe bayanta. Yana tsaye a tsakar gida yana juya makulli a yatsa, ya kasa haɗa ido da kowa. Gwaggo tana ɗakinku tana sauke akwatuna. A bakinta ranar nan Anti ta fara jin hukuncin, wanda ka yanke tun tana asibiti.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta dube ni ta ce, "Auta, ka sani?" Na ce na sani. Ta gyaɗa kai. Ta shiga ta sa mayafi, ta fito da yaron, da kwandon kayansa. Ledar ta cika, ta fara ɓallewa ta gefe, don lokacin canji ya yi. Ta durƙusa har ƙasa ta ɗora shi a cinyar Gwaggo, ta ajiye almakashi da auduga da sabuwar leda a kan tabarma.

Ta ce, "Gwaggo, ga shi. Tunda mai gida ya ce in tafi, zan tafi. Amma ki canza masa a gabana sau ɗaya, in ga hannun da zan bar shi."

Gwaggo ta ce, "Ni za ki gwada? Na raini yara kafin a haifi uwarki."

Anti ta ce, "Na sani, Gwaggo. Bismilla."

Gwaggo ta ɗaga rigar yaron. Ta kama bakin ledar ta fizga kamar mai cire filasta, yaron ya tsanyara ihu, fatar ta yi ja, abin ya zubo mata a zani. Ta ɗauki almakashin ta juya shi sama ta juya shi ƙasa. Ta kawar da kai gefe tana kiran ɗanta, "Babba, zo ka riƙe mini shi!" Babba ya ce, "Ni? Wallahi Umma mota na zo ja." Yaron yana ta shure-shure, Anti tana durƙushe ta dunƙule hannuwanta a cinya, leɓenta har ya fashe don cizo, amma ba ta miƙa hannu ba.

Ni na riga na ajiye kayan guga zan ɗauke shi, sai muka ji muryar Inna daga ƙofar ɗakinta. Ka san Inna, shekara nawa ba ta taɓa yi wa Gwaggo musu ba, ko gishiri Gwaggo ta ce ya yi yawa sai ta ce haka ne.

Ta ce, "Ba ta ɗanta."

Gwaggo ta ce mata, "Umarnin ubansa ne."

Inna ta ce, "Ni na haifi uban. Ba ta ɗanta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babba, mayar da akwatunan nan inda ka gan su, ka gaida gida."

Anti ta ɗauke shi. Kafin Babba ya gama shigar da kaya ta wanke, ta busar, ta yanka, ta manna, yaron yana nono yana ajiyar zuciya. Gwaggo ta bi ɗanta suka tafi da motar wayam, ko sallama babu.

Kada ka ɗauka ta wuce. Anti tana nan, amma ta ce saboda yaron ta zauna da kuma Inna. Ta ce sauran magana sai ta ji daga bakinka, ba a takarda ba, ba ta bakin aike ba. Na ga ba ta mayar da kayanta cikin kwaba ba, suna cikin akwati. Ni dai ban ga laifinta ba. Laifi tudu ne, Yaya, kuma kai daga nesa kake hange.

Saura maganar mutum ɗaya. Ka ce idona da kumfa. Shekara nawa ina wanki, ban taɓa mayar wa wani rigar wani ba, amma bar wannan. Tun takardar farko akwai abin da ban rubuta ba, don ba ni da hurumin faɗarsa sai mai shi ya yarda. Ɗazu ina wannan rubutun a kan teburin guga Inna ta dafo bango ta zo ta zauna a kan bokiti. Ta ce in karanta mata taka. Da na zo wurin "kai kaɗai" ta ce in tsaya. Ta daɗe tana kallon rariya. Sannan ta ce in rubuta yadda za ta faɗa, kada in gyara mata ko kalma.

Ta ce ranar Talatar nan ta kawo ruwan ɗumi a buta, tana tsaye a ƙofar ɗakinku lokacin da hannun Gwaggo ya tsaya. Gwaggo ta yafito ta, ta nuna mata wurin, ita ma ta sa yatsa ta shafa. Gwaggo ta ce, "Rufe bakinki, kada a ji a waje, wataƙila ya buɗe da kansa." Ta rufe. Anti tana barci a bayansu, ba su tashe ta ba.

Don haka ba ni kaɗai ba ne, Yaya. Mu uku ne. Akwai Gwaggo, akwai ni, akwai kuma Inna da ta haife ka. Ta ce in ka hau tudun nan ka kira layinta, wannan karon ita za ta ɗauka.

Ƙaninka,
Auta